Maganar da Iska Take Kwashewa

Mahaifina ya sayi Besfa a 1975, da kuɗin Udoji. Malamin firamare ne, kuma a shekarar da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas, kusan rabin malaman unguwarmu sun jingine kekunansu sun hau inji. Ni nake tsayawa a gabansa, a kan farantin nan da ke tsakanin sirdi da kan babur, in riƙe ƙarfen madubi. Babu wurin da ya kai shi daɗi, domin bakin Baba yana daidai saman kunnena. Daga ƙofar gida zuwa makaranta yakan ja mini sura ina biyawa, idan na yi tuntuɓe ya gyara, duk ba tare da ya ɗaga murya ba. Yayana da ke zaune a baya kuwa ba ya jin komai. In Baba zai yi masa magana sai ya karkata kai ya ɗaga murya, Yaya ya ce, "Na'am, Baba?" A maimaita, ya sake cewa "Na'am?" Har Baba ya gaji ya ce a bari sai an sauka.

Wannan "na'am" ita ce tsohuwar cutar babur. Mai tuƙi bakinsa yana kallon gaba, na bayansa kuma kunnensa cike yake da iska. Na baya bakinsa yana kusa da kunnen mai tuƙi, amma kafin kalma ta gama fita iska ta yi baya da ita. Mutum biyu jikinsu yana haɗe, amma tsakaninsu kamar akwai katanga.

Mu a nan mun daɗe da samo hanyar zagaye ta, kuma 'yan achaba ne suka gyara hanyar ta zama al'ada. Sana'ar ta bunƙasa bayan 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira, motar haya ta yi tsada, masaƙu suka fara sallamar ma'aikata. Kowane gari ya raɗa mata suna: achaba a Kano da Bauchi, kabu-kabu a Sakkwato da ƙasar Nijar, goyin a wajejen Kaduna, okada a Kudu, daga sunan wani kamfanin jirgin sama na ƙasar Edo. Ni ma na taɓa ta shekara biyu a tsakiyar shekarun 1990 ina ɗalibi, da Suzukin wani ɗan'uwanmu, ina kai masa balas kowane dare. A nan na koyi cewa babur yana da harshensa. Hon gajere sau biyu a bayan mai tafiya a ƙasa tambaya ce: za ka? Hon mai tsawo faɗa ne. Fasinja ya taɓa maka kafaɗar dama, za a shiga dama. Ya ɗan matse ka da gwiwa, gudun ya yi masa yawa. Ya daddaɓa bayanka sau biyu, ya iso. Abokin sana'a da ke tahowa ya kifta maka fitila ya nuna ƙasa da yatsa, to ka rage wuta, akwai masu kame a gaba.

Amma kada a ɗauka shiru ake yi. A cikin gari, tsakanin Bata da Ƙofar Wambai, inda ba ka wuce kilomita 30 a awa ba, hira ake sha sosai. Fasinja zai matso da haɓarsa kan kafaɗarka ya ba ka labarin farashin masara, da wanda ya rasu a unguwarsu, da wanda zai ci zaɓe. Ciniki ma wani lokaci a kan hanya ake ƙarasa shi. Na ɗauki wani dattijo daga asibiti ya ba ni labarin jinyar matarsa tun daga farko, da muka isa ya miƙo kuɗi na kasa karɓa. Ga gaisuwa: ba ka isa ka wuce majalisar dattawan unguwa a kan babur ba ka rage gudu ka ce sannunku da hutawa ba. Duk wannan yana yiwuwa ne saboda abu ɗaya, kan kowa a buɗe yake. Hula ce zanna ko dara, ko rawani, ko ba komai.

A Turai labarin ya bi wata hanya dabam, kuma ya fara ne da mutuwa. Ranar 13 ga Mayu 1935, T. E. Lawrence, sojan Ingilan nan da ya shiga tawayen Larabawa a kan Turkawa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yana kan babur ɗinsa ƙirar Brough Superior kusa da gidansa a yankin Dorset, sai ya yi kiciɓis da yara biyu a kan kekuna. Ya kauce musu, ya faɗi, kansa ya bugu. Ya cika bayan kwana shida, yana da shekara 46.  Cikin likitocin da suka tsaya a kansa akwai Hugh Cairns, ɗan asalin Ostareliya, ƙwararren mai fiɗar ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai. Da Yaƙi na Biyu ya ɓarke ya ga yadda sojoji masu kai saƙo a babur ke mutuwa da raunin kai tun ba su ga abokin gaba ba, ya tattara bayanansu ya buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1941. A ƙarshen wannan shekara rundunar sojan ƙasar ta tilasta wa masu babur ɗinta sa hular kwano. Jihar Victoria ta Ostareliya ta mayar da ita doka ga kowa a 1961, Birtaniya ta bi a 1973.

Hulunan farko kamar rabin ƙwarya suke, fuska a waje. A 1968 kamfanin Bell na Amurka ya fito da wadda ta rufe kai duka, har haɓa, sai taga ta gani. Ta ceci muƙamuƙai da haƙora ba iyaka, amma ta kulle baki ta toshe kunne. Bature da matarsa za su yi tafiyar kilomita ɗari uku a kan babbar hanya, ba mai iya ce wa wani ina jin ƙishirwa. Cutar da iska ta fara, hula ta ƙarasa ta. Saboda haka su ne suka fara neman magani, domin su ciwon ya fi ci.

Maganin farko daga jirgin sama aka aro shi. A 1917, a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Gosport a kudancin Ingila, wadda Robert Smith-Barry ya jagoranta, an riƙa amfani da tiyo na roba. Malami yana magana a bakin tiyo, ɗaya ƙarshen ya rabu biyu ya shiga hular ɗalibi daidai kunnuwa. Ba batir, ba waya, kamar abin da likita ke sauraron ƙirji da shi. Masu babur sun yi amfani da irinsa shekaru da yawa. Daga baya aka koma waya da ƙaramin akwatin ƙara sauti a ƙarƙashin sirdi. A farkon shekarun 1980 Honda Gold Wing, wannan ƙaton babur mai kama da kujerar falo, ana iya sayensa da rediyo, da intakom tsakanin mai tuƙi da na baya, da rediyon oba-oba irin na direbobin manyan motocin Amurka don magana da wani babur. Illar ita ce igiya. Ka sauka ka manta kana ɗaure, ta fizgo maka kai kamar akuya a turke.

Abin da ya tsinke igiyar mu ma mun san shi, ko da yake ta wata ƙofa ya shigo mana. Bulutut, wanda matasanmu suka sani da tura waƙa daga waya zuwa waya, injiniyoyin Ericsson na Suwidin ne suka fara aikinsa a 1994, sannan a 1998 Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka haɗu da su. Sunan laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na goma, Harald mai shuɗin haƙori, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. A 2004 kamfanin Cardo ya fito da Scala Rider, ɗan akwati da ake maƙalawa a gefen hular kwano, da lasifika a ciki da abin magana a gaban baki. Sena ta Koriya ta Kudu ta shigo kasuwar daga baya, kuma su biyun ne har yau ke jan ragamarta.

Mu kuma a daidai wannan lokaci muna can muna namu. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, kafin shekara biyar ta sauko hannun ɗan achaba, tare da Jinchen ɗin China da ya sa babur ya yi arha. Nan take aka ƙirƙiro namu intakom: a kira, a tura ƙaramar Nokia ƙarƙashin hula daidai kunne, hula ta riƙe ta, hannu biyu suna kan babur. Da sanyi hular sanyi ta fi riƙo. Mai rawani ya fi kowa morewa. Wajen kiɗa kuma masu gyaran rediyo suka shiga ɗaura wa babura lasifika a ƙarƙashin tanki, da 'yar na'urar da ke cin memori, ana jan wuta daga batir. Babur zai wuce ka ji waƙar fim tana tashi, wani Shata, wani wa'azi, wani ya kamo Freedom Rediyo yana bin shirin In Da Ranka da dare. Bature ya sa kiɗansa a cikin hula don shi kaɗai. Namu ya sa a waje don kowa ya ji, ko yana so ko ba ya so.

Sai 1 ga Janairu 2009, ranar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce daga yau mai tuƙi da fasinja kowa sai da hular kwano. Duk wanda yake Kano a makonnin nan ba zai manta ba. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabi cikin kwanaki. Mutane suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, wasu robar fenti, wasu tukunya, wasu hular magina. Har BBC ta ba duniya labarin ƙwarya, aka yi ta yi mana dariya. An faɗi dalilai da yawa na ƙin ta, kuma yawancinsu gaskiya ne. Akwai tsada. Akwai zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Akwai ƙyamar sa hular da kai ɗari ya yi gumi a ciki, da tsoron ƙwarƙwata da makero. Akwai jita-jitar cewa ana yin asiri a ciki, ka sa ka bi mutum ba ka sani ba. Akwai kuma tambayar da ba a amsa ba: ina malami zai kai rawaninsa, ina mace za ta kai ɗaurin ɗankwalinta? Birtaniya ma ta gamu da wannan, har a 1976 ta yi doka ta musamman da ta yafe wa mabiya addinin Sikh masu rawani.

Amma akwai dalilin da ban ji an cika faɗa ba, kuma a ganina yana cikin manya. Hular kwano tana kurmantar da ɗan achaba. Ba ya jin mai kiransa daga bakin lungu, ba ya jin fasinja, waya ba ta shiga, gaisuwa ba ta fita. Mutumin da abincinsa ke shigowa ta kunne aka ce ya toshe kunnen. Ba ina kare ƙin hular ba ne. Na raka gawar abokan sana'a biyu da ba don kai ya bugi kwalta ba da ƙuje kawai za su yi. Ina dai cewa an kawo mana rabin kaya. Su can hula ta zo, ta haifar da matsala, aka yi mata na'ura. Mu an miƙo mana hular tsurarta, muka ajiye ta bayan 'yan watanni, aka koma gidan jiya.

Achaba kanta ba ta daɗe a birnin Kano ba bayan haka. Tun wajen 2005 gwamnatin Shekarau ta kawo keke mai ƙafa uku don mata, wanda ya gaji sunan shirin A Daidaita Sahu. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur. Hirar kan kafaɗa ta koma cikin adaidaita. Waɗanda suka gaji titin a babur yanzu su ne yaran nan masu kai saƙo, da akwati a baya, abinci ko atamfar da aka saya ta waya. Aikinsu duka kira ne: ina kike, Hajiya, wane layi, gida mai wace ƙofa? Da yawansu suna sa hular kwano ba tare da an kama su ba, iyafis a soke a ƙarƙashinta. A wajen ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙanwata, na fara ganin intakom ido da ido.

Lokacin na riga na sayi babur mai ɗan ƙarfi, muna fita da abokai huɗu ranar Lahadi, duk masu furfura, mu nufi Kazaure ko Daura mu dawo. Na je kasuwar waya neman nawa. Yaron shagon ya zaro kwali ya ce, "Baba, wannan mutum shida yake haɗawa, kuma mita dubu da ɗari biyu yake ci." Na biya ban tambayi komai ba. A hanyar Ɗambatta na gano ma'anar mutum shida: zai iya riƙe sunan shida, amma biyu kaɗai ke magana a lokaci guda. Mita dubu da ɗari biyun kuma a fili ne fetal, ido na ganin ido. Tirela ɗaya ta shiga tsakaninmu murya ta fara kakkaryewa, a duwatsun Kazaure kuwa ta ɗauke ɗif. Ruwan farko na damina ya ƙarasa shi. Ban koma shagon ba, laifina ne da na sayi kwali maimakon na'ura.

Sai na zauna na koyi abin da ya kamata in tambaya tun farko, kuma tambaya ta farko ba ta na'urar ba ce: da wa za ka yi magana? In kai kaɗai ne, kira da rediyo da muryar taswira kake so, mai arha ya ishe ka. In kai da na bayanka ne, nisa ba ruwanka da shi. Sai in ayari ne kuɗi ke aiki. Bulutut yana haɗa mahaya ne kamar ayarin raƙuman gishirin Bilma, kowane a ɗaure da na gabansa, kuma da wuya ya wuce huɗu. Na tsakiya ya tsaya shan mai, na baya duk sun ɓace, sai an tsaya an sake ɗauri. A 2015 Cardo ta fito da Packtalk mai tsarin raga, Sena ta biyo da nata. A nan kowace na'ura tana riƙe da duk na kusa da ita kamar ƙullin koma, mutum goma ko fiye, wani ya fita ya dawo ba abin da ya tsinke. Sai dai ragar wannan kamfani ba ta cika jin yaren ta wancan ba, don haka ayari su yi shawara kafin kowa ya sayi nasa. Mu ba mu yi ba, kuma har yau Alhajin da ya fi mu kuɗi shi ne ba ma ji sosai.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Lasifikar faifai ce mai faɗin kamar milimita 40, kuma in ba ta zauna daidai ramin kunne ba, ko da faɗin yatsa ɗaya ta goce, rabin sautin ya tafi. Na kwana biyu ina zargin na'ura ashe manna ta ne ban iya ba. In ta yi kauri kuma, bayan awa ɗaya kunne yana zogi kamar an ja shi. Hula mai buɗaɗɗiyar fuska tana son abin magana mai sanda, rufaffiya tana son mai siririyar waya da ake mannawa a haɓa. Maɓallai su zama manya yadda za ka lalubo su da safar hannu. A duba rufinta, domin abin da ke hana ruwa shi ke hana ƙurar hunturu, kuma a ƙasar nan ƙura ta fi ruwa kashe kaya. Batir ya iya wuni, tunda ba kullum ake samun wutar caji ba.

Game da kiɗa ina da ra'ayi mai tsauri. A cikin gari ba na kunnawa. Titin Kano da kunne ake tuƙa shi, hon ɗin adaidaita da ke shirin yanko ka ya fi kowace waƙa muhimmanci. A kan doguwar hanya nakan kamo labarai ko in sa Shata ƙasa-ƙasa. Kuma akwai tarko: a gudun kilomita 100 ƙarar iska a cikin hula takan haura desibel 90, alhali 85 ne iyakar da ake sa wa ma'aikacin masana'anta na awa takwas. Kana ƙara sauti don ka rinjayi iska, kana ƙara wa kunnenka duka biyu. Abin mamaki, in ka sa 'yar robar toshe kunne, iska takan ragu magana ta fito sarai. Na makara da sanin wannan. Shekarun Suzuki da salansa a fashe sun riga sun ci rabonsu a kunnena na hagu.

Dokar 2009 ba ta sa mini hular kwano ba, na furta. Na'urar ce ta sa mini, domin ba ta da inda za ta zauna sai a jikin hula. Haka abokan tafiyata huɗu. Son hira ya yi abin da tara da kame suka kasa.

Bara da ƙaramar salla Yaya ya ce zai je Daura gaisuwar surukai, motarsa tana gareji. Na ce in kai shi. Ya dubi hular da na miƙa masa kamar na ba shi tukunya, ya cire zannarsa ya naɗe ya sa a aljihun babbar riga, ya kifa ta yana gunaguni. Muka bar gari, na murɗa totur. Mun wuce Ɗambatta ba wanda ya ce uffan, ina jin numfashinsa a kunnena. Can sai ya yi gyaran murya, ya yi magana a hankali, irin yadda ake yi a zaure bayan isha'i. Ya ce tun muna yara yake so ya san me Baba ke faɗa mini a gaban Besfa, shi yana baya yana ganin ƙeyarsa tana motsi kawai. Sai ya ƙara wata magana, daidai lokacin da wata tirela ta wuce mu, kuma ta ɓangaren hagu ta shigo.

Na ce, "Na'am, Yaya?"

Dariyarsa ta cika mini hula har Kazaure.